Farin Kwano a Akwati na 212

Litinin

Goggo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafa ta yi sauƙi, kunne kuma bai ƙara nisa ba. Ni lafiya lau nake, sai ciwon wuya irin na masu zaman kujera, wanda na san za ki ce ba ciwo ba ne, lalaci ne.

Direba ya kawo min takardarki. Ya tsaya a kaina har na gama karantawa, wai kin ce ya duba fuskata ya gaya miki ko na ji kunya. Ki ɗauka na ji. Shekara huɗu ke nan da kika gama ginin gidanki ban taka ƙafa ba. Ke da Babana 'ya'yan wa da ƙani ne, ba dolenki ba ne, amma kika riƙe ni shekara biyu a kwatas ɗin asibiti ina sakandare. Ba ni da hujja, sai uzuri, kuma na bana irin na bara ne: aiki. Sai bayan damina.

Kin tambaye ni wane irin aiki ne wannan da ba a iya faɗarsa da kalma ɗaya kamar nas ko malama. Bari in gwada. Cibiyarmu na son sanin yadda mutane ke zaune a garuruwan da ke faɗaɗa: ina suke samun ruwa, mutum nawa ke kwana a ɗaki, minti nawa ne zuwa asibiti. Ba za a iya tambayar kowa ba. Ke ma da kina unguwarzoma ba ki taɓa zuƙe jinin mace duka don ki auna shi ba, ɗan kaɗan kike ɗiba a sirinji. Wahalar ita ce sanin inda za a soka allurar. Jerin unguwannin da hukuma ke da shi na tsohuwar ƙidaya ne, tun ina ɗaukar jakar makaranta. Inda jerin ya ce gona ce, yau gidaje ne har da shagon gyaran waya.

Shi ya sa muke sayen hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama. Mu ja masa layuka tsaye da kwance ya zama akwati-akwati, a ƙirga rufin da ke cikin kowane akwati. Kwamfuta ke ƙirgawa, ni ina bin bayanta, don ita ba ta bambance gidan mutum da kejin kaji. Sai a yi ƙuri'a. Akwatin da ta faɗa wa, a tura ma'aikata su bi gida-gida su sa lamba. A sake ƙuri'a a fitar da gida goma sha biyu, su za a yi wa tambayoyi.

Digiri biyu, Goggo, ina ƙirga kwano.

Mu huɗu ne a ofis, da fanka ɗaya da ke kallon Farfesa, shugabanmu, shi kaɗai. Tagarmu bango take kallo. Daga nan muke ganin garuruwa uku, kuma garinku na ciki bana. Kada ki tambaye ni wace unguwa. A wurina babu unguwa, lambobi ne.

Na kira ki ranar Juma'a. Kina cewa "Wa?" ina cewa "Ni ce," har muka gaji. Mu ci gaba da takarda, ta fi mutunci.

Ɗiyarki mai ƙirga kwano

Asabar

Ɗiyata,

Ina gaishe ki. Ƙafa da sauƙi, kunne yana nan inda kika bar shi. Maganin ciwon wuya ki riƙa tashi kina shara.

Takardarki ta iso ranar Alhamis, kuma ta iso a kan gaɓa. Ranar Talata wasu ma'aikata huɗu suka shigo unguwa da babbar takarda, suna bin gida-gida suna rubuta lamba da alli a bango. Nawa 212/31. Na fito na ce wa ya aiko ku. Babbarsu, wata doguwa mai gilashi, ta ce ai an aiko wa mai unguwa takarda. Na ce wane mai unguwa? Mu nan ba mu da shi. Liman ke raba faɗa, Kafinta ke tara mutane in za a cike rami. Ta ce ita dai lamba aka ce ta sa, bayani masu zuwa daga baya za su yi. Na ce to nuna min babbar takardar nan ta hannunki.

Ɗiyata, hoto ne daga sama, kuma rufina ne. Shuɗi, ga farin kwanon nan guda ɗaya a kusurwar gabas, wanda na sa lokacin da shuɗin ya ƙare a kasuwa. Har igiyar shanyata na gani.

Kafinta maƙwabcina ne, katangarmu ɗaya. Kafin ya dawo nan, a bayan layin dogo yake zaune. Ya ce can ma haka aka fara, mutane da takarda, lamba a bango, ba bayani. Mako uku, katafila ta zo. Ko ƙofa ɗaya bai fitar ba, da kayan aikinsa aka haɗa. Mu kuma nan duk takardar da muke da ita ta manomin da ya sayar mana da fili ce, da sa hannun shaidu biyu, ɗaya ma ya rasu.

Aka yi taro bayan la'asar a ƙofar masallaci. Na karanta musu takardarki. Na tsallake ciwon wuya da maganar kunya. Da na kai inda kika ce garinmu na ciki, ko tari ba wanda ya yi.

Ga abin da aka yanke. Bango ba ya ɗaukuwa, amma kwano da ƙofa da taga suna ɗaukuwa. Za a sauke su a jera a tsakar gida, a kwana ƙarƙashin tampol, ranar da katafila ta zo kowa ya ɗora nasa a kura. Kafinta ya yi jeri, gida biyu a rana, daga yamma ana yowa gabas. Shi ya fara da nasa don kada a ce yana tura mutane. Ni ina cikin mako na uku. Na fara haɗa kaya a kwali.

Ban zarge ki ba. Ke ƙirga aka sa ki, ba ki san abin da masu karɓar ƙirgar za su yi da ita ba. Ni ma shekara talatin ina rubuta jarirai a babban littafi, ban taɓa sanin inda littafin ke zuwa ba.

Kada ki wahalar da kanki da kira. Na kashe waya, na naɗe ta a zane, na sa a tukunya. Wanda ya ga igiyar shanyata daga sama ba zai kasa jin maganata ba.

Abin da ke damuna hadari ne, ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Ban roƙe ki abin da zai ja miki kora ba. Amma in kin san ranar da za su zo, ki rubuto ranar kawai. Ba sai kin sa suna ba.

Goggonki

Laraba

Goggo,

Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya. Sama da mako biyu ke nan ban ga Direba ba, an ce motarsa na gareji an sauke mata inji. Ban samu amsarki ba, don haka na ɗauka fushi kike, kuma kina da gaskiya. Zan rubuta in ajiye har ya bayyana.

Bari in ba ki labarin abin da ya hana ofishinmu sakat, ko kya yi dariya. Akwai wani akwati a gefen garinku, na 212, yana cikin waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa. Na ƙirga masa rufi sittin da huɗu. Ma'aikatanmu suka je suka sa lamba, suka samu sittin da huɗu daidai, har Farfesa ya yabe ni, wato ya ce "To." Shekaranjiya sabon hoto ya iso. Rufi arba'in da shida.

Gari mai faɗaɗa muke nazari, Goggo, ga akwati yana tsukewa.

Bangon gidajen na nan tsaye, rufin ne babu. Ana ganin ɗakunan daga sama kamar an ɗage murfin kwano. Aka kira taro. Farfesa ya ce gobara ce. Na ce babu baƙi ko kaɗan, kuma gobara ba ta bin layi, wannan kuwa daga yamma ya faro yana tafiya gida bayan gida kamar mai rabon katin gayyata. Mai Kwamfuta, wanda ke zaune kusa da ni yana cin gyaɗa a kan madannai, ya ce inuwa ce, rana ta karkace. Na ce ban san ranar da ke karkacewa a kan gida goma sha takwas ta tsallake sauran ba. Daga nan Farfesa ya gyara gilashi ya ce wataƙila an yi gaggawa a ƙirgar farko. Bai kalle ni ba, sauran ne suka kalle ni a madadinsa. Yanzu maganar da ake yi a jefar da akwatin a sake ƙuri'a. Haka muke yi da abin da ba mu gane ba.

Na sake ƙirga tsohon hoton sau uku. Akwai wani gida da nake farawa daga kansa don kada in ɓata, shuɗin rufi ne da farin kwano ɗaya a kusurwa, kamar haƙorin azurfa. Na sa masa suna Gidan Mai Faci. Ban san mai shi ba, amma na tabbata mutum ne mai taurin kai, wanda ya gwammace ya yi faci da ya jira kowa. Nasa rufin dai yana nan. Saura gida tara layin ya iso kansa.

Alhamis

Abin da ke sama jiya na rubuta shi. Yau Direba ya iso da takardarki, wadda ta kwana goma sha biyu a aljihun mota. Ban yaga na jiya ba, don ki ga irin 'yar da kika rena. Maganar taurin kai ban janye ba.

Goggo, kada ki bari a zare ƙusa ɗaya. Babu rusau. Babu rana. Ma'aikatan nan namu ne, lambar tamu ce, allin ma ni na sa hannu aka sayo shi. Ba ma aiki da masu katafila, ba sa ganin lambobinmu, kuma amsoshin mutane sai an cire suna da lamba kafin kowa ya gani. Ba zan rantse miki cewa ba wanda zai taɓa zuwa da katafila har abada ba, don ban san wannan ba. Abin da na sani, wannan ba shi ba ne.

Ga yadda aka yi, kuma laifina ne. Kafin ma'aikata su shiga wuri, mukan aika wa mai unguwa takarda ya sanar da mutane. Ni na haɗa jerin waɗanda za a aika wa. Daga ina na ɗauko jerin? Daga hukuma. Wato mun hau sama mun gano unguwarku saboda ba ta cikin jerin hukuma, sannan muka sauko muka buɗe jerin hukuma muna neman wanda za mu gaya wa. Takardarku ta tafi wurin mai unguwar ƙauyen da gonar ke ƙarƙashinsa a da, kilomita bakwai daga gare ku. Ina jin yana can ya share ƙofar gida yana jiran baƙi. Ma'aikatan kuma mun hana su dogon bayani, wai kada mutane su shirya amsa kafin a zo tambaya. Ga shi kun shirya.

Na kai wa Farfesa takardarki. Ya karanta ya cire gilashi, ya juyo min da fanka. Ya rubuta takardar bayani da hatimi, ga ta nan ciki, a karanta a ƙofar masallaci, kada a tsallake komai. Doguwa mai gilashi tana wani gari, ta ce Laraba za ta iso ku. Na kira wayarki sau goma sha huɗu, ina fata tukunyar ba ta damu ba. Na kuma sa Direba ya maimaita a gabana sau uku, "Babu rusau," ya faɗa miki da ƙarfi ta kunnen hagu.

Na yi tunanin shigowa motar da kaina. Farfesa ya ce sai na rubuta rahoton abin da ya faru, na kuwa zauna. Ga takarda dai, kamar kullum.

Ɗiyarki

Litinin

Goggo,

Ina gaishe ki. Wannan ta hannun wani direban zan aiko ta, ban san ko za ta riga Doguwa isowa ba.

Na samu Direba a waya. Ya ce ya ba ki takarda ranar Asabar, kin ɗaure ta a bakin zane ba ki buɗe ba, wai gilashinki ya shige cikin kayan da kika haɗa. Ya ce bari ya karanta miki, kin ce ba ta kowa ba ce. Ya faɗa miki babu rusau ta kunnen hagu, kin ce ai abin da za ta faɗa a baki ke nan, gaskiyar na cikin takarda. Goggo, babu wata rana a ɓoye a ciki. Ki ba kowa ya karanta, ko mai wucewa ne.

Na roƙi a ɗauko mana sabon hoto na gaggawa. Ya iso yau da safe. Fari fat, kamar an zazzage buhun auduga a kan akwati na 212. Mai Kwamfuta ya ce kashi casa'in da takwas gajimare ne, hoto ya lalace, a jira wani. Shekara shida ina aikin nan, gajimare a wurina abin da ke ɓata hoto ne. Yau na zauna ina kallonsa, ina lissafin gida nawa ke buɗe a ƙarƙashinsa.

Ba na ganin rufinki. Ki rubuto.

Ɗiyarki

Alhamis

Ɗiyata,

Ina gaishe ki, kuma ki kwantar da hankalinki. Kowa lafiya. Rufina yana kaina.

Gilashin cikin tukunya yake, tare da waya. Ni na sa shi da hannuna. Kwali bakwai na kwance kafin in tuna.

Ranar Litinin da hantsi ne, ranar da layi ya iso kaina, Kafinta na ta sauri ganin hadari. Yana bisa tsani, ya fara daga kusurwar gabas, ya riga ya zare farin kwanon ya miƙo ƙasa. Ni ina zaune a kan turmi ina karatu. Na wuce labarin Gidan Mai Faci, za mu yi wannan maganar ni da ke. Da na kai inda kika ce kada a zare ƙusa ɗaya, na ɗaga kai na ce, "Kafinta, dakata." Ya ce, "Goggo, hadari." Na ce, "Na gan shi, ni kurma ce ba makauniya ba. Dakata."

Na karanta masa daga ƙasa, har da ta Farfesanku mai hatimi. Ya zauna a kan matakin tsani da guduma a cinya, ya daɗe bai sauko ba. Na bar shi. Kada ki sa shi cikin labarin dariyarku na ofis. Mutumin da aka taɓa rushe wa gida ba wawa ba ne don ya ga lamba a bango ya tsorata.

Da ya sauko ya ce, "In ƙarya ce fa?" Na ce, "Yarinyar nan ni na rene ta. Tana da saɓa alkawari, amma ba ta iya ƙarya ba, ko ta ƙi cin abinci ce."

Ba a kai ga taro ba ruwa ya sauko. Gida ashirin da shida a buɗe. Kowa ya kwashi yara da katifa ya faɗa gidan da ke da rufi. Mutum goma sha ɗaya na samu a ɗakuna biyu, har da surukar Liman, wadda ba ma magana da ita tun kan maganar kwata. Yanzu muna yi, ba yadda muka iya. Keken ɗinkin matar Mai Walda ya sha ruwa, littattafan yaran gida uku sun jiƙe, bangon wani ɗaki ya zube amma ba kowa ciki. Ni kuma Kafinta ya ruga ceton nasa kayan bai mayar min da farin kwano ba, ruwa ya zuba a ɗaki ɗaya, na gabas. Katifa ta sha har ta ƙoshi. Ɗakinki ne, in kina son sani. Tun da aka gina shi ba wanda ya kwana ciki, sai ga ruwa ya riga ki.

Jiya Doguwa ta zo. Wannan karon ta yi sallama, ta zauna a tabarma, ta sha ruwa. Ta ba da haƙuri a gaban kowa, ba ta ɗora wa kowa laifi ba, na ga tarbiyya a nan. Kafinta ya ce ta karanto tambayoyin da za a yi. Ta karanto ta farko, "Daga ina kuke samun ruwan sha?" Mai Walda ya ce, "Shekaranjiya dai daga sama, har cikin gado." Aka yi dariyar da aka kwana biyu ba a yi ba. Liman sai da ya share ido.

Yanzu ana mayar da rufi, gida huɗu a rana, kowa ya zama kafinta. Shi ya ce nasa ne na ƙarshe. Na kwance kwalaye. Na kunna waya, amma kada ki kira, ba abin da ya canja game da kunne.

Goggonki mai faci

Talata

Goggo,

Ina gaishe ki. Na karanta takardarki a tsaye a bakin titi, ban bari Direba ya kashe mota ba. Da na ga "Rufina yana kaina" sai na nemi dakali na zauna. Ya ce zai gaya miki yadda fuskata ta yi. Kada ki yarda da duk abin da zai ƙara.

Ban sa Kafinta cikin labarin dariya ba. Na sa shi cikin rahoto, a matsayin wanda ya fi mu tsari. Cibiya za ta aiko da ƙusa da madadin kwanon da ya lalace wurin cirewa, da mai gyaran keke, da littattafai. Doguwa za ta kawo, Liman ya raba. An kuma kafa sabuwar doka: ba a ƙara sa alli a bangon kowa sai an fara tambayar wa ke raba faɗa a wurin, an zauna da shi. Mun yi taro uku kafin mu gano abin da kika tambayi Doguwa a minti ɗaya.

Sama ta washe, hoto ya iso jiya. Rufi sittin da shida. Mutum biyu sun ga tunda an riga an sauke kwano, gara su ƙara ɗaki. Farfesa ya ce wannan ya tabbatar da cewa garin na faɗaɗa, kuma yana son ya rubuta maƙala a kai. Ba za a jefar da akwatin ba. Farin kwanonki ya koma wurinsa, ya ɗan karkace hagu. Na daɗe ina kallonsa fiye da yadda aiki ya buƙata.

Saura magana ɗaya, gara ki ji daga bakina. An yi ƙuri'a ta biyu, an fitar da gida goma sha biyu da za a yi wa tambayoyi. Gidan Mai Walda na ciki, da na surukar Liman. 212/31 ba ya ciki. Ba zan iya sa ki ba. In na sa wanda nake so, aikin duka ya tashi daga bincike ya koma zumunci, kuma kin san ban ƙware a wannan ba.

Ɗiyarki

Juma'a

Ɗiyata,

Ina gaishe ki. Ƙafa lafiya, har na hau kujera na mayar da labule.

To. An leƙa min gida daga sama, an rubuta min bango, an sa na kwance kwali bakwai, an jiƙa min katifa, an ce min mai taurin kai a rubuce. Da aka zo tambaya kuma, surukar Liman aka zaɓa, wadda ba ta san yawan jikokinta ba. Ta sa sabon mayafi ta zauna awa ɗaya ana rubuta maganarta. Har yau ba ta sauko ba.

Ba komai. Na sa Doguwa ta ba ni takardar tambayoyin da ta yi saura. Ta ce ba za ta shiga lissafi ba. Na ce ban nemi shiga lissafinku ba, wurin ɗiyata za ta. Ga amsoshi.

Ruwan sha: rijiyar burtsatsen bayan masallaci, minti goma da ƙafata, minti huɗu da ta mutane.

Asibiti mafi kusa: minti arba'in. In haihuwa ce, gidana.

Irin rufi: kin fi ni sani.

Ɗaki nawa: uku.

Mutum nawa ke kwana a gidan: ɗaya.

Akwai ɗan gidan da ba ya nan a yanzu: akwai.

Yaushe ake sa ran zuwansa: wannan na bar shi fili. Ba ni ke da amsar ba.

Katifa ta bushe, kwana biyar tana rana. Kafinta ya gyara karkacewar da kika gani, ya ce a gaya miki ki duba. Na ce in tana son dubawa, daga ƙasa ake ganin aikin kafinta.

Goggonki

Lahadi

Goggo,

Asabar.